Fad din birki ya kone a gangare, za a iya goge shi a mayar ko sai sabo?

Mai_C63:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin harkar mota ina neman shawara kafin in yanke hukunci, don tun jiya abin nan ya tsaya min a rai.

Motata Marsandi C63 ce kirar 2012, mai injin 6.2 din nan, na saye ta gwanjo shekara biyu da suka wuce kuma ban taba samun matsalar birki da ita ba sai wannan satin. Ranar Lahadi mun taso daga Jos zamu dawo Abuja, ni da iyali da kanina, but cike da kaya har da buhun dankali da surukata ta sa aka dora mana, to da muka zo gangaren Hawan Kibo akwai wata tirela a gabanmu tana jan jiki kuma babu halin wucewa, sai na dora kafa a kan birki na barta a kai kusan tun daga sama har kasa, ban sauke giya ba a D na barta. Can wajen karshen gangaren na fara jin wani kauri kamar wayar wuta na konewa, kuma na lura sai na danna sosai kafin motar ta rage gudu. Na samu waje na tsaya, ina fitowa na ga hayaki na fita ta cikin rim din gaba na dama. Mun zauna kusan minti arba'in ta huce sannan muka lallaba muka karaso gida, Alhamdulillah ba abin da ya samu kowa.

Tun daga ranar in na taka birki sai ta rika kuka, kuma in ina gudu kamar 100 na taka sai in ji sitiyari yana rawa a hannuna, kamun ma ba kamar da ba.

Jiya na kaita gareji, bakanike ya cire tayoyin gaba ya zaro fad din guda hudu ya jera min a kan kwali. Ga abin da na gani da idona: dukkansu fuskar ta yi santsi tana kyalli kamar tangaran. Biyun hagu ban ga komai a jikinsu ba sai kyallin nan. Na dama kuwa, na waje yana da tsaga siririya kamar gashi ta taso daga gefe ta nufi tsakiya, na ciki kuma gefensa guda ya dan balle, da na sa farce na kankara sai ya rika marmashewa kamar busasshen kuli-kuli. Shi kansa dis din dama ya yi shudi-shudi a wasu wurare.

Bakaniken yace min har yanzu da sauran nama sosai a jikinsu, asara ce a zubar, shi zai goge fuskar da giranda ya cike inda ya balle da gam mai karfi a mayar, zasu kara min wata shida ko fiye. Ni kuma na tambayi farashin na asali, gaskiya ba karamin kudi bane, kuma ance sai an yi oda a jira sati biyu.

Tambayata ita ce, shin ana goge fad din irin wadannan motocin a mayar kuma ya yi aiki lafiya? In ana yi, wane irin lalacewa ne gogewa take gyarawa, wanne ne kuma bata gyarawa? Sannan dis din da ya yi shudi shima ya tashi aiki kenan? Da ita nake kai yara makaranta kullum shi yasa bana son in yi ganganci. Nagode.

Direban_Sharon:

Wa alaikumus salam oga. Allah ya kara tsarewa, Hawan Kibo ba wajen wasa bane, mu da muke bin hanyar nan duk sati mun sani.

Ni dai a nawa ganin ka bari ya goge maka kawai. Wlh shekara goma sha daya ina tuki kuma sau nawa birkina ya yi irin wannan kyallin, sai dai in kwance in samu siminti mai kaushi in gurza in mayar kuma ya dawo yana kamawa kamar sabo. Yanzu kayan mota sun yi tsadar da in kace duk abin da ya dan samu tabo sai ka canza to ba zaka ajiye ko sisi ba. Tunda naman da kauri ai ba shi da wata matsala, fad da yake cinyewa a hankali dama. Amma dai ga manya nan zasu yi bayani.

Baban_Gareji_KD:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji da farko ka godewa Allah da ka tsaya lokacin da ka ji kaurin nan, da yawa basa tsayawa.

Na fi shekara talatin a karkashin mota, kuma zan gaya maka abin da zan gaya wa dan cikina. Maganar dan'uwa direba gaskiya ce amma rabinta. Fad din da ka lissafa guda hudu ba cuta daya ke damunsu ba, don haka ba magani daya za a basu ba.

Kyallin nan da ka gani, shi kam yana gyaruwa. Zafi ne ya narkar da fuskar ta daskare ta zama santsi, shi yasa yake kuka kuma baya kamawa, amma sau da yawa abin a sama yake kamar bawo, in ka cire bawon zaka tarar da lafiyayyen nama a kasa. Yadda muke yi: a samu gilashi mai kauri ko tayil mai lebur sosai, a shimfida samfefa mai lamba 80 ko 120 a kai, a kifa fad din a rika murza shi kamar ana rubuta lamba 8, ana juyawa, har kyallin ya tafi fuskar ta koma dishi-dishi ko'ina. Abin da za a cire bai kai rabin milimita ba. Ba a yi da giranda Alhaji, ka hana shi. Hannun mutum ba zai taba rike giranda daidai ba, sai ya ci wani waje ya bar wani, in aka mayar sai ka ga rabin fad din ne kawai yake taba dis, wannan rabin kuma shi zai dauki duk zafin ya sake konewa cikin kwana kadan. Siminti ma haka, ba lebur bane kuma yana barin yashi a jiki yana karce dis.

To amma na dama guda biyun nan, wadannan sun gama aiki. Wanda ya tsage, tsagar ba a sama take ba, ka goge fuskar zata bace maka da gani na kwana biyu amma tana nan a ciki, duk taka birki tana kara budewa. Wanda yake marmashewa kuwa shi ne ma ya fi bani tsoro, don alama ce zafin ya ratsa ciki ya cinye abin da ya rike garin wuri daya. Fad ai hadi ne, garin karfe da su gawayi da zare da wasu abubuwa aka cakuda da danko aka matse a kan farantin karfe da zafi. In dankon ya kone to gari ne kawai ya rage, kaurinsa ba zai amfane ka da komai ba. Kuma dankon da ya kone a gefe, akwai yiwuwar wanda ya manne naman da farantin shima ya sha wuta.

Bari in baka labarin abin da na gani da idona. Wani mutum ya kawo min mota shekarun baya, a wani waje aka like masa fad da gam irin wanda ake cewa za a yi maka. Sati uku yana hawa lafiya. Ranar da abin zai faru yana shiga layinsu ne a hankali, ya taka birki sai naman ya rabu da farantin gaba daya ya fado, feda ta tafi har kasa babu komai, don fistin sai ya cike gurbin abin da ya fadi kafin ya kama, kafin ya yi famfo sau biyu ya riga ya daki katangar makwabcinsa. Na rike farantin nan a hannuna, fes yake kamar an wanke, ga busasshen gam ya yi baki a gefe. A hankali yake tafiya fa. Ka kwatanta da a ce a kan titin filin jirgi ne yana gudu 120 da yara a baya.

Babu gam din kasuwa da zai jure zafin birki, ko wanne iri ne.

Sai abu na uku da baka fada ba amma ka duba: mai. In man birki ko giris ya taba fad to shima ya tafi, don jikinsa yana tsotsa kamar soso. Wasu suna wankewa da fetur su kona a wuta wai man ya fita, yana fita na sama, da ya dau zafi na ciki ya sake tasowa. Tunda bangaren dama ya yi hayaki, ka sa a duba robobin kurar da suke bakin fistin ko sun kone, in sun tsage ko akwai danshin mai to kalifar ma, wato gidan da yake rike da fistin da fad din, tana bukatar aiki.

Kuma kar kace zaka goge na hagu ka sa sabo a dama. Ba a raba su. Gaba duka hudu ake canzawa lokaci daya iri daya, in ba haka ba wani bangare zai fi wani kamawa mota ta rika fizga gefe in ka taka da karfi. Don haka a naka lissafin, duk da na hagun suna gyaruwa, saitin gaba daya ya tashi.

Mai_C63:

Baba Allah ya saka da alheri, wlh jikina ya yi sanyi da labarin nan. Na koma garejin yanzu da rana na hana shi taba su. Mun auna kaurin naman, na hagu duka wajen milimita 7 ne, na dama na waje 6 da wani abu, amma na ciki wanda yake marmashewa gefe daya 6 daya gefen 4 ne, wato ya cinye a karkace. Kuma kamar yadda kace na sa ya haska robobin fistin, guda daya a dama ta kone ta yi tauri har ta tsage. Da muka zura siririyar wuka tsakanin naman da farantin sai ta shige kusan tsawon farce a kusurwa daya. Me yake kawo cin karkacen nan? Shi yace wai fil din kalifa ne ya kafe amma da muka duba ni ban ga wani fil da yake zamewa ba.

Injiniya_Samaru:

Salam. Malam ba za ka ga fil ba saboda kalifar gaban motarka ba irin mai zamewa ba ce. Yawancin motocin da muke hawa kalifarsu fistin ɗaya ne a gefe guda, sai ita kalifar ta zame a kan fil biyu ta jawo ɗaya fad ɗin. Taka kuwa a kafe take, fistin shida ne, uku ta ciki uku ta waje, suna matse dis mai faɗin milimita 360. To idan ɗaya daga cikin ukun nan ya fara liƙewa, ko dai ya ƙi fitowa ko ya ƙi komawa, sai fad ya riƙa ci a karkace. Ina kyautata zaton robar nan ta daɗe da fara lalacewa, ƙura da ruwa suka shiga, fistin ya riƙa riƙe fad a jikin dis ko ba ka taka ba, shi ya sa dama ta yi hayaki hagu ba ta yi ba alhali gangare ɗaya suka sauka. Idan ka sa sabon fad ba ka gyara wannan ba, kuɗinka za ka ƙona.

Wuƙar da ta shige kuwa ta gama magana. Naman ya fara rabuwa da faranti.

Ina so in ɗan yi lissafi don a ga girman zafin da ake magana a kai, saboda mutane suna raina gangare. Birki ba abin da yake yi illa mayar da ƙarfin tafiya ya zama zafi. Motarka da mutane da kaya a ce kilo 1,800, ko da yake da lodin da ka faɗa za ta fi haka. Tsayar da ita cak daga gudun kilomita 100 yana zuba zafi wajen kilojul 700 (ma'aunin yawan zafi ke nan) a cikin birki. Amma duk mita 100 da ka sauka ƙasa a tsaye, nauyin nan yana ba da wajen kilojul 1,760, wato kamar ka yi irin wancan tsayawar sau biyu da rabi. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, kuma a yankin nan ne ake gangarowa daga kan tsaunin, ga shi kana bin tirela a hankali babu iskar kirki da za ta ratsa dis ta sanyaya shi. A irin wannan hali dis na iya haura digiri 500, shi kuwa danƙon da Baba ya ambata yana fara lalacewa ne daga wajen digiri 300 zuwa sama. Ƙaurin da ka ji shi ne yake ƙonewa.

Shi ya sa kwatanta ta da Sharon ɗin ɗan'uwa direba bai zo daidai ba, ba don raini ba. Idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninkawa huɗu yake yi, kuma mota mai doki sama da 450 cikin daƙiƙa kaɗan take kai gudun da wata sai ta yi dogon zango. Fad ɗin da zai lallaɓa a cikin gari yana iya watsewa a taka ɗaya mai ƙarfi a babban titi.

Akwai abin da ba wanda ya taɓo, man birki. Ka ce sai da ka ƙara dannawa kafin ta kama. Idan fedar tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya yi zafi. Idan kuwa fedar ta yi laushi tana nutsewa, man ne ya tafasa. Man birki mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma yana shan danshin iska, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Shi ya sa ake cewa a canza duk shekara biyu. Tun da ka ce shekara biyu motar take hannunka, idan ba ka taɓa canzawa ba to a zuƙe shi duka a sa sabo daga gwangwanin da ba a buɗe ba, ba ƙari za a yi ba.

Kan sayen sabo, ba dole sai mai tambarin kamfanin motar ba. Kamfanoni irin su Brembo, Textar, Pagid, ATE, Ferodo da Akebono suna yin fad na motoci da yawa, ka ba su lambar shasi a duba wanda ya dace. Ka duba bayan farantin ko jikin kwali, na kasuwar Turai suna ɗauke da harafin E da lambar da ta fara da 90R, ƙa'ida ce da ta ce kamun fad ɗin canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Wasu kuma, musamman na kasuwar Amurka, za ka ga haruffa biyu a jiki kamar FF ko GG, na farko ƙarfin kamu ne a zafi na yau da kullum, na biyu idan ya yi zafi sosai, G ya fi F, F ya fi E. Kada ka sa EE a wannan motar. Sannan ka sayi sabuwar wayar sansa, wadda take kunna maka wuta a dashbod idan fad ya cinye, ta dama da wuya ta tsira daga zafin nan.

Maman_Hanan:

Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba bakanikiya bace amma abin ya taba faruwa da mu shi yasa nace bari in sa baki. Ka kula sosai wajen saye don har a cikin kwali mai kyau ana saka na jabu. Bara maigidana ya sayo wa motata fad, kwali fes da tambari da komai, kudin ma ba araha ba, ko wata daya ba a yi ba ya fara kuka yana zubar da bakar kura a rim kamar an watsa gawayi. Da aka kwance sai aka ga ashe tsohon faranti ne aka kankare aka manna masa sabon nama aka fesa fenti, in ka kalli bayan da kyau zaka ga shatin da'irar fistin na motar da ya fara yi wa aiki yana nan a karkashin fentin, har da tsatsa a gefe. Tun daga nan duk abin da za a saka min sai na juya bayansa na shafa da yatsa, in ba sumul yake ba ko rubutun ya yi dishi-dishi bana yarda. Kuma kwalin ya zo a like, ba wanda aka bude aka sake mannewa ba.

Sannan dan Allah masu gogewa ku daina hura kurar nan da baki ko da iskar kwamfireso. Yaron da yake mana aiki haka yake yi fuskarsa duk tayi baki, tausayi yake bani. Irin fad din da ba a san inda aka yi shi ba ana iya samun asbestos a ciki, abin da Tarayyar Turai ta haramta gaba daya tun 2005 saboda yana jawo kansar huhu, kuma ba a lokacin yake nunawa ba sai bayan shekaru masu yawa. A sa takunkumi, a goge da jikakken tsumma.

Direban_Sharon:

Na ji bayanin Baba da na Injiniya kuma na karu wlh, musamman maganar siminti, ban taba kawowa yana karce dis ba. Amma Baba ina da tambaya, ai manyan motoci har gobe ana cire musu tsohon layinin birki a buga sabo a kan takalmin da kusa, kuma suna daukar tan talatin suna sauka gangaren nan. To me ya hana a yi wa karamar mota haka tunda farantin karfe ne lafiyayye?

Baban_Gareji_KD:

Tambaya mai kyau dan'uwa. Na manyan motoci dama haka aka kera shi, takalmin yana da ramuka, layinin ana sayar da shi daban da nasa ramukan, a daure da ribit, in ya cinye a cire a sa wani. Sabon layini ake sakawa ba konanne ake likewa ba. Fad din karamar mota kuwa a masana'anta ake matse naman a jikin farantin da zafi da nauyi mai yawa, har ya shiga ramukan da ke jikin farantin ya rike, wannan ba aikin da za a yi a gindin bishiya bane. Kuma kai ma ka rika dubawa kafin ka goge naka, in ya kusa milimita 3 kar ka bata lokacinka, ka canza.

Alhaji saura maganar dis da ka tambaya. Shudin kadai ba shi ne hukunci ba. Rawar sitiyarin nan sau da yawa ba wai dis ya lankwashe bane, fad ne ya narke ya bar tabo a jikinsa wani waje da kauri wani waje babu, musamman in ka tsaya cak kafarka na kan birki yana da zafi, har shatin fad din zaka gani ya fito. Abu uku za a duba. A auna kaurinsa a wurare da dama a kwatanta da lambar da aka rubuta a jikinsa, kowane dis yana da iyakar kaurin da ba a wucewa a rubuce a gefe ko a cibiya. A daura agogon awo a juya a ga ko yana layi. Sannan tunda naka mai huji-huji ne, a wanke a duba bakin kowane rami da fitila, in tsaga ta hada rami da rami ko ta kai bakin dis to a jefar, babu maganar ferewa. In babu tsaga kuma da sauran kauri, wani lokacin goge fuskar da samfefa ya isa, in bai isa ba a kai wa masu injin fere karfe su dauke kadan, amma ka samu wanda ya saba da mai ramuka don bakin injin yana tsalle a kansu ya bar fuskar da kaushi. In kuma wuraren shudin sun yi tauri har injin baya cinsu daidai, rawar zata dawo, sai sabo, shima biyu ake sakawa.

Bayan an daura komai kar ka fita ka taka da karfi kai tsaye. Ka samu titi mara cunkoso da sassafe, ka kai 80 ka rage zuwa 20 da matsakaicin karfi ba tare da ka tsaya ba, ka maimaita kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti goma baka taba birki ba ya huce. In akwai takarda a cikin kwalin ka bi abin da ta ce. Wanda aka goge ma haka ake masa. Kuma in ka sake zuwa gangare, motarka tana da filafilan canza giya a bayan sitiyari, ka sauke zuwa 3 ko 2 injin ya rike ta, birki kuma ka taka ka saki, ka taka ka saki.

Mai_C63:

Jama'a nagode kwarai, Allah ya biya kowa. Ga inda aka kwana. Na ajiye motar a gida na karbi ta kanina ina kai yara da ita. Na bada odar saitin fad na gaba da wayar sansa da robobin kalifa na bangare biyun duka, don nace tunda za a bude dama gara a bude hagu ma. Yau da safe mun kwance kalifar dama, fistin na kasa ta ciki sai da aka sha wahala kafin ya fito, jikinsa duk datti ya daskare ya yi zobe, amma da aka wanke babu rami ko tsatsa a jikinsa. Man da ya fito kuwa baki ne kamar shayi ba madara, kuma gaskiya ban taba canza shi ba tunda na sayi motar.

Dis din hagu lafiya lau. Na dama mun wanke mun haska, akwai kananan tsaga a bakin ramuka hudu amma ko daya bata kai ga ramin kusa da ita ba, mafi tsawo bata wuce milimita 3 ba, kaurin kuma bai kai iyakar da aka rubuta ba tukuna. Bakaniken da kansa da ya ga yadda naman ya daga da wuka ya bambare shi da hannu, rabinsa ya fito a dunkule rabi ya zube gari, ya dade yana kallonsa sannan ya kira yaransa ya nuna musu.

Baba gobe in Allah ya kaimu zan kai dis din a daura masa agogon, in na samu lambar da ya nuna zan kawo maka ka duba min ko a goge ko a hada da shi a cikin odar.